Maƙerin da Ya Karanci Fiffiken Jirgi

Mutanen Riruwai sun san shi da Gwadabe Maƙeri, kuma yawancinsu iyakar abin da suka sani ke nan. Ni ma da haka na fara saninsa: dattijo dogo, mai ƙarancin magana, kullum yana rumfarsa ta bakin kasuwa. Sai da na yi shekara shida ina koyarwa a firamaren garin, gidana yana kallon rumfar, sannan na ji cewa ya taɓa zama ɗalibin aikin injiniyan jirgin sama. Wani sashe na labarin shi ya ba ni da bakinsa, wani kuma yayarsa Luba, wadda ta fi shi sakin baki.

An haife shi a Ɗansoshiya ta ƙasar Kiru wajen 1932. Mahaifinsa, Malam Lado, shi ne maƙerin ƙauyen, shi ke yi wa unguwanni huɗu ko biyar garma da lauje da gatari. 'Ya'ya takwas aka haifa masa, biyu suka rayu, Luba da Gwadabe. Da dagaci ya aiko cewa gidan maƙera zai ba da yaro ɗaya don makarantar elementare ta Bebeji, ba a yi doguwar shawara ba, tunda babu wani ɗa namiji da za a miƙa. Daga Bebeji ya wuce makarantar Midil a Kano, inda lissafi ya karɓe shi. A 1951 aka zaɓi samari shida aka kai su filin jirgin sama na Kano su koyi aikin jikin jirgi. Biyar 'yan birni ne, shi kaɗai ne ɗan ƙauye.

Da safe suna cikin babbar rumfar gyara, da rana kuma suna aji. Malaminsu wani Bature ne injiniya da leburori suka laƙaba wa Mai Lofe, don lofen ba ya barin bakinsa ko da babu wuta a ciki. Ranar farko ya ɗora wani siririn katako a kan bulo biyu, ya danna tsakiyarsa da yatsa har ya lanƙwashe, ya tambaye su wane ɓangare ne ya fi shan wahala. Samarin birni suka ce inda yatsan yake. Gwadabe ya ce ƙasan katakon ne, domin can ake jan sa kamar za a yage shi, saman kuwa matse shi ake yi.

Mai Lofe ya cire lofen. "Wa ya koya maka?"

"Ranka ya daɗe, ƙotar garma ta ƙasa take fara tsagewa."

Daga ranar Baturen ya sa masa ido. Shekara uku Gwadabe yana koyon yadda fiffike ke ɗaukar nauyi. Ya san doguwar sandar da ke tafiya cikin fiffiken kamar ƙashin baya, da haƙarƙarin da ke riƙe siffarsa, da fatar alminiyon da aka ɗinke da dubban ƙusoshi. Ya koyi cewa jirgi in yana ƙasa fikafikansa rataye suke, in ya tashi kuwa su ke ɗauke da shi, don haka wurin da ake ja da wurin da ake matsewa sai su yi musaya. Ya koyi auna nauyin da sanda za ta iya ɗauka kafin ta lanƙwashe, da dalilin da ya sa haɗin sanduna mai kusurwa uku ba ya karkacewa alhali mai kusurwa huɗu yana yi. Abin da ya fi burge shi shi ne darasin tsaga. Mai Lofe ya ba kowannensu waya ya ce su yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Ba wanda ya ja ta da ƙarfi, amma duk ta katse a hannunsu. Ya ce haka jikin jirgi yake, kowane tashi da sauka lanƙwasa ɗaya ce, kuma tsagar daga bakin ramin ƙusa take farawa, siririya kamar gashi.

Da ya zo hutu ya ba mahaifinsa wannan labarin a maƙera. Malam Lado ya yi dariya har ya ajiye masaba.

"Sai da ka je Kano aka gaya maka ƙarfe yana gajiya?"

"Baba, su suna iya lissafa ranar da zai gaji."

Tsohon ya ce, "To wannan kam ban iya ba. Ni sai na ji muryarsa ta sauya. Tsaya ka koya da kyau."

A bazarar 1954, saura shekara guda ya zauna jarrabawar da za ta ba shi takardar shaida, wani ɗan garinsu mai fataucin gyaɗa ya same shi a ƙofar filin jirgi ya ce Malam Lado ya faɗi a bakin wuta. Gwadabe ya nemi hutun mako biyu. Mai Lofe ya ba shi littattafai biyu, ya kuma rubuta sunansa a wata makarantar da ke aiko da darasi ta gidan waya, don kada ya yi baya.

Ya tarar ɓarin dama na mahaifinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita sai da ƙyar. Ya kuma tarar da tarin garemani da fartanyoyi a ƙofar maƙera, domin hadari ya fara haɗuwa, maƙerin da ya fi kusa kuwa tafiyar rabin yini ce. Dattawan unguwa suka zo gaisuwa, suka yi addu'a, suka ce Allah ya kawo shi a kan gaɓa. Babu wanda ya ce masa ya zauna. Sai dai kowa in zai fita yakan ɗan tsaya ya dubi garmarsa a cikin tarin.

Luba a lokacin tana gida, mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu. Ita ta zauna a bakin zugazugi, abin da mata ba su saba yi ba a ƙauyen, shi kuma ya ɗauki masabar mahaifinsa. Mako biyu suka zama damina. Da aka yi kaka ya rubuta wa Mai Lofe cewa zai dawo bayan sallah. Bayan sallah tsohon bai iya ko juyawa da kansa ba, kuma ba ya yarda kowa ya ɗaga shi ya kai shi bayan gida sai ɗansa.

Darussan suna zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ɗangora. Duk mako biyu yakan taka ya karɓo ambulan, ya aika da amsoshin na baya. Da sassafe kafin manoma su fara sallama yakan yi lissafinsa da gawayi a bangon maƙera, don takarda ba ta isa a ɓata, sai ya tabbata sannan ya kwafe. Ya haɗa ƙashin fiffike da karan dawa, ya rataya masa duwatsu ɗaya bayan ɗaya har ya karye, ya duba ko wurin da ya karye ne lissafi ya nuna. Akan fito da Malam Lado a kwantar da shi a tabarma a inuwar rumfar. In karan ya karye sai ya buga ƙasa da hannunsa mai lafiya, ba a san ko yabo ba ne ko dariya.

An sa jarrabawar a watan Agusta na 1955. Mai Lofe ya rubuto cewa ya roƙa an bar sunansa a cikin masu zama. Gwadabe ya fito da kwana biyu a gaba, amma ruwan da aka wuni ana yi ya cika rafin da ke tsakaninsu da Ɗangora har ya haura gonaki. Ya zauna a gaɓa tare da masu jakai ana jiran ya janye. Kashegari bai janye ba. Ya ɗaure littattafansa a ka ya shiga, ruwa ya kai masa ƙirji ya fara kwashe masa ƙafa, ya dawo da baya da ƙyar. Sai rana ta uku ya haye. Ya isa Kano da la'asar, ya tarar ana kwashe tebura daga ɗakin jarrabawa. Mai Lofe bai yi masa faɗa ba. Ya ce akwai baɗi.

Kafin baɗin ta zo wasiƙu biyu suka iso a ambulan ɗaya. Ta farko ta ce an sauya ƙa'ida: ba mai zama jarrabawa sai wanda yake kan aiki a ƙarƙashin injiniya, da sa hannun injiniyan. Ta biyu daga Mai Lofe ce, yana cewa an mayar da shi Legas, amma in Gwadabe ya koma Kano kafin ƙarshen wata, wanda ya gaje shi ya yi alkawarin karɓarsa.

Luba ta sa ya karanta mata wasiƙar da Hausa, sau biyu.

"Tashi ka tafi," in ji ta.

"Yaya, wa zai ɗaga Baba?"

"Ni. In ya ƙi, ya gaji ya yarda. Garemani kuma masu su su kai wa maƙerin Ba'awa, ƙafafunsu ba su karye ba. Kai dai tafi."

Ya ɗaure kayansa. Da hantsi ya durƙusa gaban mahaifinsa ya yi masa bayani. Tsohon ya saurara, ya ɗaga kai alamar ya yarda, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da "Allah ya kiyaye." Gwadabe ya fita, ya yi sallama da mahaifiyarsa, ya kai bakin zaure, sai ya ji ƙarar faɗuwar ƙarfe a maƙera. Ya koma. Malam Lado ya ja jiki daga tabarma har bakin uwar maƙera, ya kama awartaki da hannun hagu yana so ya ɗauko wata garma da aka bari rabin aiki, ya kife a kan toka. Bai kira kowa ba. Yana ta ƙoƙarin tashi da kansa.

Gwadabe ya ɗauke shi ya mayar da shi tabarma, ya share masa fuska. Ya kwance ƙullin kayansa ya hura wuta. Luba ta ce mini ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, shi ma bai nemi ta yi ba.

A shekarar ya auri Kyauta, 'yar maƙwabtansu. Ya daina zuwa Ɗangora, darussan suka taru a wajen mai tasha har suka daina zuwa. In jirgi ya gifta can sama, manoman da ke zaune a maƙera sukan ce, "Malam Gwadabe, ga mutanenka." Ba da mugunta suke faɗa ba. Shi dai ba ya ɗaga kai.

Malam Lado ya rasu bayan girbin 1957. Da aka yi sadakar arba'in Gwadabe ya tafi Kano. Ya tarar an yi sabon gini a filin jirgi, an sauya masu gadi, daga cikin abokan karatunsa biyu suna Ingila, sauran an rarraba su. Wani akawu ya duba takardunsa cikin ladabi ya ce yanzu masu takardar sakandare ake ɗauka, kuma shekarunsa sun wuce na ɗan koyo. Ya shawarce shi da ya nemi aiki a duk inda akwai injiniya, ko ba na jirgi ba ne, ya samu sa hannu, wataƙila a duba.

Wannan shawarar ce ta kai shi Riruwai. Ya ji wani kamfanin haƙar kuza yana neman maƙeri mai jin Turanci, kuma manajan wurin injiniya ne. Ya damƙa maƙerar Ɗansoshiya da gonar gidan ga Habu, ɗan ƙanen mahaifinsa, ya kwashi mahaifiyarsa da Kyauta da Luba da 'ya'yanta a farkon 1958. Niyyarsa shekara biyu. Ya rubuta wa Mai Lofe ya gaya masa inda yake.

Riruwai ta lokacin cike take da baƙi, Hausawa da Kurama da Barebari da mutanen da suka gangaro daga Jos, kowa da diga ko kwanon ɗaukar ƙasa. Aikinsa wasa diga da shebur da gyaran famfo. Akwai wani dogon indararon katako da ke ɗauko ruwa daga madatsa ya ƙetare kwazazzabo zuwa inda ake wanke kuza. A kan dirkoki yake tsaye, tsayinsu ya kai na mutum uku, kuma ta ƙarƙashinsa leburori ke wucewa da kaya a ka tun safe har yamma. Gwadabe ya lura in an saki ruwa indararon yana ɗan rangaji. Ya hau ya duba. Dirkokin a tsaye suke da sanduna a gicciye kawai, babu ko ɗaya da aka sa a karkace ta riƙe su. A ƙarfen da ya ɗaure dirkar tsakiya kuma ya ga tsaga ta fito daga ramin noti.

Ya zana abin a takarda, ya lissafa nauyin ruwan in indararon ya cika, ya kai ofis. Manajan ya daɗe yana duba takardar.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi, ranka ya daɗe."

Manajan ya ɗauki fensir ya bi lissafin layi-layi, bai sami kuskure ba. Ya ba shi mutum goma sha biyu da katako. Cikin kwana tara suka sa sanduna a karkace tsakanin kowace dirka da 'yar'uwarta, ya ƙera sababbin ɗaurin ƙarfe ya sauya tsofaffin. Daminar ta zo da ƙarfi, indararon bai motsa ba.

Daga nan komai sai a ce a kira Gwadabe. Rufin sito, gadar da motar kamfani ke bi, ƙugiyar ɗaga injin, duk shi. Aka fitar da shi daga bukkokin leburori aka ba shi ɗaki biyu masu rufin kwano. Manajan yakan nuna shi ga baƙi.

A watan Agusta na 1959 amsar Mai Lofe ta zo. Ya samo masa gurbi a wurin gyaran jirage a Legas, da damar zama jarrabawa bayan shekara guda, ba tare da an dubi shekarunsa ba. Abu ɗaya ake bukata: takarda daga manajan Riruwai mai shaida irin aikin da ya yi, ta isa kafin ƙarshen Oktoba. Mai Lofe ya ƙara da cewa wannan ce dama ta ƙarshe da zai iya nema masa, domin shi ma ya kusa barin ƙasar.

Gwadabe ya kai wasiƙar ofis a ranar. Manajan ya karanta, ya ce madalla, ya bar ta a nan zai rubuta ya aika da kansa. Bayan mako biyu Gwadabe ya koma, aka ce manajan ya tafi Jos. Da ya dawo ya ce yana sane. Gwadabe bai so ya matsa wa mutumin da yake neman alfarma a wajensa, sai ya riƙa wucewa ta gaban ofis yana gaisuwa da ƙarfi don a tuna da shi. A tsakiyar Oktoba manajan ya ce masa an gama da wannan maganar. Ya ɗauka an aika ke nan. Ya sayi akwatin ƙarfe. Kyauta, da cikinta ya tsufa, ta fara tambayar matan barikin ma'aikata yadda Legas take.

Ranar huɗu ga Nuwamba akawun ofis, wani mutumin Tudun Wada mai suna Sunusi, ya zo maƙera da wuƙa wai a wasa masa. Ya jira har wurin ya yi sauƙin mutane.

"Malam Gwadabe, ni ke rufe duk wasiƙar da za ta fita daga ofishin nan. Taka ba ta fita ba. Wasiƙar Legas ɗin tana cikin aljihun tebur yadda ka kawo ta. Don Allah kada ka ce ni na faɗa."

Gwadabe ya gama wasa wuƙar ya miƙa masa. Ya wanke hannu, ya sa riga, ya tafi ofis.

"Ranka ya daɗe, na zo jin labarin takardata."

Manajan bai yi musu ba. Ya ce ya yi tunani a kai sosai. Ya ce Legas cike take da masu takardu, can Gwadabe zai zama ɗaya cikin ɗari, a nan kuwa shi kaɗai ne. Ya ce akwai sabuwar madatsa da za a fara da rani, wa zai tsaya masa a kai? In an gama ta, sai su sake magana.

"Ranar ta wuce," in ji Gwadabe.

"Za a sami wata."

Gwadabe ya tsaya yana duban aljihun teburin. Ya ce mini ya yi tunanin ya miƙa hannu ya buɗe ya ɗauki wasiƙarsa, sai ya ga ko ya ɗauka ba ta da sauran amfani. Ya yi sallama ya fita.

Ya rubuta wa Mai Lofe ya bayyana abin da ya faru. Wasiƙar ta dawo bayan wata biyu ba a buɗe ba. Ya yi niyyar barin kamfanin, amma ina za shi? Maƙerar Ɗansoshiya ta zama ta Habu, da iyalinsa a cikin gidan. Mahaifiyarsa ƙafa ta ƙi, Kyauta ta haihu, Luba ta kafa sana'ar tuwo a bakin bariki tana ciyar da 'ya'yanta. Mutum bakwai ne a ɗakuna biyun nan, kuma ɗakunan na kamfani ne. Da rani ya tsaya a kan aikin madatsar. Maganar takarda ba ta sake tasowa ba, daga shi har manajan.

Na taɓa tambayarsa wanne ya fi yi masa ciwo a cikin duka. Ya ce bai taɓa riƙe mahaifinsa a zuciya ba, rafi kuma ruwan Allah ne. Ya ce abin da ya daɗe yana damunsa shi ne indararon. Da ya yi shiru a kansa, da manajan bai san da shi ba, da ya sa hannu ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Amma mutane ne ke bi ta ƙarƙashi," in ji shi. "Na san su da sunayensu. To ya zan yi?"

Kamfanin ya tattara ya tafi bayan wasu shekaru, Gwadabe ya kafa rumfarsa a bakin kasuwa ya koma ƙera fartanya da lauje. Duk mai son ɗora rufi mai faɗi daga Riruwai har Doguwa yakan zo ya ɗauke shi ya duba masa, kuma ba ya karɓar komai a kan dubawa. Ya haifi 'ya'ya biyar, babu wanda ya gaje shi a ƙira. Ya rasu a 1993 bayan gajeriyar jinya. Luba ta bi shi da shekara biyu.

Rumfar mahauta da ya haɗa da tsofaffin ƙarafan kamfani ta kai har lokacin da aka zo faɗaɗa kasuwa. An ba leburori yini ɗaya su rushe ta, suka yi kwana huɗu a kai.